MDF, filawud, Perspex ko alminiyam: wane allon samfur ne zai kai ka ƙofa ta ƙarshe?

Ƙofa 26 aka ba mu, na kabad ɗin kicin a wani gida da ke Ogba a Legas, katakon madaci, kan kowace ƙofa an yi masa baka. Mun yanke 18 ke nan sai babban yaron shagona ya ɗauki ta farko ya ɗora a kan ta 18, ya shafa gefen da yatsa, ya ce, "Maigida, zo ka taɓa nan." Na taɓa. A kafaɗar bakan ta hagu, ta 18 ta shige ciki da kusan milimita ɗaya da rabi. Wanda ba kafinta ba zai ce ai wannan ba komai ba ne. To, tazarar da muke bari tsakanin ƙofa da ƙofa milimita 2 zuwa 3 ce duka-duka. In ƙofofi biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, idon matar gida zai kama bambancin tun daga bakin kicin, ko da ba ta iya faɗin abin da ya dame ta ba.

Na ɗauko allon samfur ɗin, wato allon da muke ɗaure wa katako don boris ɗin bakin rauta ya bi gefensa, bakin kuma ya yanke katakon daidai da shi. Rauta injin lantarki ne mai juya baki mai kaifi da ke sassaƙe katako, boris kuwa 'yar ƙaramar taya ce mai mirginawa a jikin bakin. MDF ne, wato allon garin katako da aka matse da gam, mai kaurin milimita 12. Da na ja farce a gefensa, sai farcen ya faɗa cikin wani ɗan kwari da boris ya haƙa, ya yi santsi ya yi duhu, ya fi zurfi daidai wurin da hannu ke danna rauta in za a sha kwanar bakan. Ƙofa bakwai muka sake gyarawa, biyu kuma sai da muka sake su ɗungurungum.

Tun daga lokacin, duk wanda ya tambaye ni a Agege wane allo ya fi dacewa da samfur, ba na ba shi amsa sai na ga bakin rautarsa da tsohon samfur ɗinsa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sau da yawa allon ne ke shan zagi, alhali boris ne ya fara ɓarnar.

Duba boris tukuna

Rauta mai gudun juyi 24,000 a minti tana juya baki sau 400 a daƙiƙa ɗaya. Aikin boris shi ne ya raba samfur da wannan gudun: cikinsa yana juyawa tare da baki, bayansa kuma yana mirginawa a hankali a gefen allo. Ranar da garin katako da ƙaron itace da gam suka cika shi ya cije, bayansa ma sai ya koma gudun baki. Boris mai faɗin milimita 12.7 a wannan gudun yana goge gefen allo da saurin kusan mita 16 a daƙiƙa. Babu MDF ɗin da zai jure wannan, babu Perspex, allon roba mai kama da gilashi, da zai jure.

Ko boris mai lafiya yana da nasa halin. Kafin ya taɓa allo, yana cikin iska yana bin gudun baki. Da ya taɓa, sai ya ɗan goge kafin ya rage gudu. Shi ya sa kake ganin baƙin tabo daidai wurin da kake shiga yanka kullum. Maganin wannan a wurin yin samfur yake: ka bar masa hanci na kamar santimita 5 zuwa 8 a kowane ƙarshe, ya wuce tsawon katakon, don boris ya sauka a can ya natsu kafin baki ya kai ga aiki.

Tsohon samfur yana faɗin abin da ya same shi in ka iya karatunsa. Dogon kwari mai santsi a tsakiyar gefe, danni ne ya yi yawa a kan allo mai taushi. Baƙin tabo mai ƙauri, boris ne ya cije ko ya goge. Yanka mai kaifi kamar an gutsure, baki ne da kansa ya ci allon, ko don rauta ta karkata, ko don an ɗaga ta tana gudu, ko don an saita tsayin baki ya hau kan samfur. In gefen ya kumbura ya yi gashi-gashi kuma ƙofofin suna fitowa sun ɗara na farko girma, laima ce. In kuwa allon lafiya lau yake amma bakan gaba ɗaya ya goce gefe ɗaya, ba lalacewa ba ce, samfur ne ya zame daga kan katako. Tef mai gam fuska biyu yana saki a zafin rana ƙarƙashin rumfar kwano. Inda bayan ƙofa zai ɓoye huda, ƙananan sukurori biyu sun fi shi aminci, ko matsi a kan hancin samfur.

Akwai wani kuma da ke rikita mutane. Ka kai baki an wasa maka shi, ya dawo da kaifi, amma yanzu kowace ƙofa tana fitowa da ɗan tudu ko'ina a gefenta. Wasawa tana rage faɗin baki, boris kuwa yana nan yadda yake, don haka bakin ba ya kai wa inda samfur ya nuna. Wannan bakin ya gama aikin kwafi, ka ajiye shi don yankan share fage.

Dannin da ke haƙa kwari ma yawanci daga gaggawa yake zuwa. In ka bar milimita 6 ko 8 na katako a bayan layi ka ce rauta ta cinye, dole ka tura da ƙarfi, duk ƙarfin kuma a kan gefen samfur yake sauka. Ka zana layi, ka yanke da zarton lantarki ka bar milimita 2 kawai, sai rauta ta zo ta share. Haka in janareta bai kai ba. Babbar rauta mai cin wat 1,600 zuwa sama da 2,000 in aka ɗora ta a kan ƙaramin janareta, za ka ji muryarta ta faɗi da ta shiga katako, hannu kuma da kansa zai ƙara danni. Katakon loko yana ƙara wahalar, don wani lokaci akwai ƙullutun farar ƙasa mai tauri kamar dutse a cikinsa da ke dakushe baki nan take, dakusasshen baki kuwa sai da turi.

In ka gyara waɗannan, sai a zo maganar allo.

MDF, da abin da laimar Legas ke yi masa

MDF ne kowa ke fara ɗauka, kuma da dalili. Yana nan a kowace kasuwar katako, daga Mushin har Ebute Metta, falle mai ƙafa 4 da 8, wato milimita 1,220 da 2,440, guntayensa kuma suna zube a kowane shago. Ba shi da jijiya, ba shi da rami a ciki. Magagari da samfefa suna cinsa cikin sauƙi, za ka gyara baka har ya yi yadda ido ke so cikin rabin awa. Wajen fitar da siffa ta farko babu kamarsa.

Rauninsa a gefe yake, kuma gefen ne kaɗai muke buƙata. Fuskokinsa biyu sun fi tsakiyarsa tauri, saboda yadda ake matse shi da zafi a masana'anta, boris kuwa a tsakiyar nan mai taushi yake gudu. Sannan ga laima. Abokin aikinmu da ya taso a Kano ko Katsina ya saba da allon da zai rataye shekara ya same shi yadda ya bar shi. Nan Ikko ba haka ba ne. Daga Afrilu zuwa Yuli, musamman a Yuni, iskar shago kanta a jiƙe take. Samfur ɗin MDF da aka jingina a ƙasan siminti kwana uku zai sha ruwa ta gefe ya kumbura, kuma in ya bushe ba ya komawa daidai yadda yake. Wanda shagonsa ke kusa da ruwa ya fi kowa sanin wannan.

Ana iya ƙarfafa shi. Abin da na fi amincewa da shi shi ne sufa gulu mai ruwa-ruwa. Ka gama gyara gefen, ka ɗiga gulun ya bi layin, za ka ga MDF ya shanye shi ya yi duhu. Ka bari ya bushe sarai, ka shafa samfefa mai laushi sau biyu ko uku kawai, ka ƙara shafi na biyu. Gefen zai koma kamar ƙashi, ƙarar farce a kansa ma za ta canza. A yi wannan a fili, don tururinsa yana yaji a ido da hanci. Sauran jikin allon kuma a shafa masa fenti ko sila, fuska biyu, kada a bar ɗaya. Sannan ka ɗauki milimita 18 maimakon 12. Kaurin yana ba ka layi biyu ko uku: in boris ya fara alama a wuri ɗaya, ka ɗaga ko ka sauke baki kaɗan ya koma sabon wuri, muddin dai kaifin bai hau kan allon ba.

Wasu suna manna siririn Formica a gefen. Yana aiki a kan baka mai faɗi, amma ka tuna ya ƙara kusan milimita ɗaya a kan siffar, kuma gam ɗin da ke riƙe shi yana laushi in ya ji zafi. Tef ɗin roba na rufe gefen allo kuwa kada ma a gwada, narkewa yake ya naɗe boris.

HDF ɗan'uwansa ne da aka fi matsewa. Nauyinsa ya haura kilo 800 a kowace kubik mita, inda MDF ke tsakanin 600 da 800. In ka samu na gaske mai kauri, ya fi MDF riƙe gefe. Sai dai sunan yana yawo a bakin 'yan kasuwa fiye da kayan, don haka ka ɗaga ka ji nauyi, ka danna farce a gefe kafin ka biya.

Filawud

Filawud ya fi MDF jure laima da faɗuwa, kuma yana riƙe sukuru da kyau, abin da ke da muhimmanci in za ka ɗaura wa samfur matsi da mariƙi. Matsalarsa a ɓoye take. An yi shi ne da siraran yadudduka da aka giciye, saboda haka gefensa layi mai tauri ne, layi mai taushi, kuma na kasuwa yakan zo da ramuka a ciki waɗanda ba za ka gani ba sai zarto ya buɗe su. Boris ya faɗa rami ɗaya, kowace ƙofa ta ɗauki wannan ramin. Allon nan mai baƙar fuska da magina ke zuba kankare a kansa yana ruɗar mutane da santsinsa, amma santsin a fuska yake, cikinsa sai abin da ka tarar.

Filawud ɗin da ake yabo a wannan aiki shi ne na itacen bac (birch) da ake yi a Finlan da ƙasashen Baltik: mai milimita 18 yana da yadudduka 13, mai 12 yana da 9, duk sirara kuma a matse. In ka ci karo da guntunsa, ka riƙe. In na kasuwa ne a hannunka, ka ƙirga yadudduka, mafi yawa ya fi, ka yanke siffar, ka cike duk ramin da ya bayyana da filar da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita, ka goge, ka bi da sufa gulu. A haka yana wuce MDF daɗewa, amma gyara bakansa da magagari ya fi cin rai, don yadudduka masu taushi suna riga masu tauri cinyewa.

Perspex da baƙin allon banɗaki

Perspex yana da abu biyu da babu mai su. Na farko kana ganin katako ta cikinsa, za ka daidaita jijiyar madaci ta zauna tsakiyar baka, ka kauce wa ƙulli. Na biyu masu yin allunan talla, irin waɗanda ke kewayen Shomolu, suna yanka shi da injin leza daga zanen kwamfuta, bakan ya fito hagu da dama daidai ba tare da ka taɓa magagari ba. Laima kuma ba ta dame shi.

Amma zafi ne ajalinsa. Yana fara laushi a wajen digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, boris ɗin da ya cije kuwa zai kai shi can cikin ƙiftawar ido. Na ga wannan da idona: wuri ɗaya ya narke ya yi rami, narkakken ya manne a boris ya daskare, ya bi sauran gefen yana karce shi. MDF in ya ƙone kana cike shi da fila ka ci gaba. Perspex in ya narke, gyaransa da wuya ya koma daidai. Yana kuma tsagewa in ya faɗi a siminti ko in ka ƙure masa sukuru. Kada ka sayi ƙasa da milimita 10, kuma ka sa kusurwa a gefen da leza ta yanka ka duba, don a allo mai kauri yankan yakan ɗan karkata, sama da ƙasa ba su zo ɗaya ba. A ganina wurin Perspex shi ne bango, a matsayin abin da ake kwafa daga gare shi, ba abin da ake ba yaro ya yi ƙofa talatin da shi ba.

Wanda na fi so a yi aiki da shi shi ne allon nan mai tauri da ake raba banɗakunan ofisoshi da manyan kantuna da shi, wanda in ka duba gefensa za ka ga baƙi ƙirin ko ruwan ƙasa mai duhu. Takardu ne da yawa da aka jiƙa da ƙaron fenol aka matse da zafi, kaurinsa yawanci milimita 12 ko 13, nauyinsa kusan ninki biyu na MDF. Ruwa ba ya shigarsa, zafin boris ba ya narkar da shi, gefensa yana da santsi da taurin da boris zai yi ta bi ba tare da ya bar alama ba. Irinsa ne kamfanonin kayan kafinta a Turai ke yin samfur na sayarwa da shi. Cikakken falle yana da tsada, amma samfur ɗin kan ƙofa guntu yake buƙata, masu haɗa banɗakuna kuma kullum suna da guntaye. Aibinsa shi ne yana cin baki. Kada ka yanke shi da sabon bakin da za ka yi ƙofofi da shi. Ka rage shi da zarto har saura milimita ɗaya, ka share da wani bakin daban, ka rufe hanci da baki don ƙurarsa ba ta da daɗi.

Alminiyam na mai aikin da ba ya canzawa ne, wanda zai yi siffa ɗaya ɗaruruwa. Sai an yanka maka a injin kwamfuta, ba ya kumbura, ba ya ƙonewa, amma yana barin baƙin shafi a farin katako, kuma in baki ya taɓa shi yana tayar da ƙaya mai kaifi da sai an goge. Ƙarfe kuwa a bar shi. Kabayid, wato kaifin da ke bakin rauta, yana da tauri amma yana fashewa, in ya daki ƙarfe a wannan gudun gutsattsarinsa fuska yake nufa.

Boris ko zobe?

Akwai zaɓi na biyu da ya kamata a auna, don wani lokaci ba allo za ka canza ba, hanyar bin allon za ka canza. Zoben jagora ana ɗaura shi ne a gindin rauta, baki ya fito ta tsakiyarsa. Ba ya juyawa ko kaɗan, saboda haka babu ƙuna, babu narkewa, babu boris da zai cije. Wanda ke yin zane a fuskar ƙofar MDF kafin a fesa fenti, inda rauta ke nutsewa daga sama, zobe ya fi masa, kuma samfur ɗinsa zai daɗe sosai.

Kuɗin da za ka biya shi ne lissafi. Zobe ya fi baki faɗi, don haka yanka yana fitowa nesa da samfur da rabin bambancinsu. Zobe mai milimita 20 da baki mai 12: 20 a cire 12 saura 8, rabi 4. Samfur ɗinka dole ya ja baya da milimita 4 ko'ina. A baka mai turowa waje ka rage 4 daga faɗin da'irar tun daga tsakiya, a baka mai shiga ciki ka ƙara 4. Ka canza baki, lissafin ya rushe. Sannan in zoben bai zauna daidai tsakiyar baki ba, duk juyin da ka yi wa rauta a hannu sai layin ya motsa. Ka sa alama a gindin rauta ka riƙe gefe ɗaya yana fuskantar samfur daga farko har ƙarshe. Ka riƙa duba ɗaurinsa kuma, girgiza tana kwance shi.

Boris ba ya son lissafi: abin da ke samfur shi ne abin da ke ƙofa. Don gefen waje da bakan ƙofar katako, shi nake zaɓa. In ka tsaya a kansa, ka ɗauki baki mai ƙafar rabin inci ba mai kwata ba, don siririyar ƙafa tana rawa, rawar kuma dukan samfur take yi. Baki mai faɗin milimita 19 ya fi mai 12.7 sauƙi a kan allo, boris ɗinsa ya fi girma, yankansa ya fi tsabta, sai dai ba ya shiga matsattsiyar kwana. Mai boris biyu, sama da ƙasa, yana da amfani a baka: rabin bakan kana bin jijiyar katako, ɗaya rabin kana saɓa mata, nan ne madaci ke tsagewa kuma hannu ke ƙara danni. Da boris biyu sai ka kife aikin da samfur ɗinsa a manne, ka sauya tsayin baki, ka sake bin jijiya.

A kula da awon ƙafa. A kasuwa akwai mai milimita 6 da mai kwatan inci, wato 6.35, akwai mai 12 da mai rabin inci, 12.7. A ido ɗaya suke. Na taɓa karɓar baki a wani shago da aka ce min rabin inci ne, ashe 12 ne. Mariƙin bai kama shi sosai ba, yana cikin aiki ya zamo ƙasa, boris ya bar gefen samfur. Allah ya kiyaye, katako kawai ya ɓaci. Ka sa aƙalla kashi uku cikin huɗu na ƙafar a mariƙi, kada kuma ka tura ta har ta daki ƙasa. Kullum kafin aiki ka cire rauta daga soket, ka juya boris da yatsa: in ka ji ƙasa-ƙasa ko ya tsaya, ka kwance shi da alanki, ka wanke bakin shi kaɗai, ka goge boris da tsumma ka ɗiga masa man keken ɗinki. Jiƙa boris cikin tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, yana wanke man da ke cikinsa ne. In bai warware ba ka sa sabo, ya fi kowace ƙofa araha. Cirewa daga soket ɗin nan ba wasa ba ne a garin da ake ɗauke wuta a dawo da ita ba sallama. Makunni na iya zama a kunne hannunka yana kan kaifi.

Abin da zan zaɓa

Wani dattijon kafinta a Idi-Araba na kai wa ƙorafin ƙofofin Ogba. Na ce, "Baba, wane allo zan saya wanda ba ya ci?" Ya ce, "Ɗana, kowane allo yana ci. Ina uwar samfur ɗinka?" Ban da ita. Allo ɗaya na yi, shi ne asali, shi ne na aiki, da ya lalace babu abin da zan koma in auna da shi sai ƙofa ta farko.

Yanzu kowace siffa da na san za ta dawo tana da uwa. Ita uwa ba ta zuwa kan katako. Aikinta ɗaya, a kwafi 'ya'ya daga gare ta da sabon boris da hannu marar danni, sannan ta koma ƙusa. 'Ya'yan su ke shan wahala, kuma ba a kwafar ɗa daga ɗa, don kowane kuskure gadonsa ake yi a ƙara masa wani. Wajen fitar da uwa, rabin baka nake gyarawa da kyau, in kife in kwafi ɗaya rabin, sannan in zana ta a takarda, in juya ta in sake zanawa a kan layin farko. In layukan biyu ba su hau juna ba, ba ta gama ba.

Da wannan tsarin zaɓin allo ya zo da sauƙi. Aikin ƙofa goma ko ƙasa da haka, siffar da ba za ta dawo ba: MDF mai milimita 18 da sufa gulu a gefe ya isa, kada ka kashe kuɗi. Kicin guda mai ƙofa ashirin zuwa arba'in: uwa ta MDF da aka ƙarfafa aka shafe ko ta Perspex, da 'ya'ya biyu ko uku na MDF ko filawud mai kyau, a yanke su tun kafin a fara, don ba a fafe gora ranar tafiya. In damina ce kuma aikin zai ɗauki makonni, filawud nake fifitawa a kan MDF. Siffar da ta zama ta shagonka, wadda masu gidaje ke gani su ce irin ta wancan gidan suke so: uwa ta Perspex daga leza, ɗan aiki na baƙin allon banɗaki. Alminiyam sai in kana da injin tebur da odar da ba ta yankewa.

A shagona uwayen suna rataye a bangon ciki, nesa da ƙofa da feshin ruwan sama, kowace an huda ta an rubuta mata faɗin ƙofa da girman bakan da bakin da aka kwafe ta da shi. Ƙofa ta farko ta kowane aiki ba ta shiga cikin tari, gefen benci take zama. Bayan kowace ƙofa biyar yaron da ke kan rauta zai kashe ta, ya cire soket, ya ɗora ta biyar a kan ta farko ya shafa da yatsa, ya ja farce a gefen samfur, ya juya boris. In farce ya tsaya a wani wuri, sai ya ajiye wannan ɗan ya ɗauko na gaba daga ƙusa.